Hankici ya haɗa ni da malamar 'yata: gaɓa nawa ce a "handkerchief"?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu Turanci ku zo ku raba gardama, tun jiya bayan magariba ake yin ta a gidan nan, har tuwo ya huce a kwano. An ba Ilham aikin gida, tana aji biyar na firamare. Kalmomi goma aka ce ta raba su gaɓa-gaɓa. Ta ci tara, ta goman ce ta kayar da ita, wato handkerchief. Da abin ya gagare ta sai ta ɗauki wayata ta danna wurin nan da yake furta kalma, ta saurara ya fi sau biyar, ta rubuta han-ker-chief. Malama ta zabga mata jan biro, ta rubuta hand-ker-chief a gefe, kuma wai ta tsayar da ajin duka suka yi ta maimaitawa, tana cewa su fito da d ɗin nan ta ji shi da kunnenta. Yarinya ta dawo tana kumbure-kumbure, ta ce ita wallahi ba ta ji wani d a waya ba. Ni ma na saurara, ban ji ba. Babanta kuma ya shigo ya ce duk mun ɓata, gaɓa huɗu ce, han-di-ka-cif. To wa ke da gaskiya? Ina so in leƙa makarantar ranar Litinin, amma ba na son in je in kwaso kunya.

Oga Direba:
Hajiya, duk wannan dogon Turanci a kan hankici ne? Ga nawa nan a aljihu duk baƙin mai. Han-ki-ci. Uku. A tashi taro.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Hajiya, shawarata ki yi zamanki a gida. Malamar ta yi daidai. Kalmomi biyu ne aka haɗa, hand da kerchief, kuma ƙa'idar da aka koya mana muka koyar ita ce, harɗaɗɗiyar kalma a mahaɗarta ake fara yanka ta. Hand gefe guda, kerchief gefe guda, sannan a dawo a raba kerchief gida biyu. Ki buɗe duk ƙamusun da yake sa ɗigo tsakanin gaɓoɓi, abin da malamar ta rubuta shi za ki tarar. Yarinya ta zubar da harafi sukutum, wannan kuskuren rubutu ne ko a gaban wane alƙali. Iyayen yanzu da an taɓa littafin ɗa da jan biro sai a yafa mayafi a nufi makaranta. A bar malamai su yi aikinsu.

Anti Mai Turanci:
Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu, ɗaya rabin ka yi mini izini in ɗan ja da kai.

Rabon gaɓa iri biyu ne a Turanci, akwai na alƙalami akwai na baki, kuma gwama su ne yake haddasa irin wannan rigima. Ɗigon da Baba ya ambata na alƙalami ne. Aikinsa ya nuna maka inda za ka karya kalma idan layi ya ƙare maka kana tsakiyar rubuta ta. A nan kam hand-ker-chief ne, babu ja, d yana nan daram. Amma a cikin ƙamusun nan dai, Maman Ilham, in kika matsa ido gaba kaɗan za ki ga an sake rubuta kalmar da wasu baƙaƙe masu kama da ƙugiya a tsakanin sanduna biyu. Wannan shi ne na baki, kuma babu d a ciki. Na Ingila babu, na Amurka babu. Kunnen Ilham lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya faru, baƙaƙe uku ne suka yi cunkoso a mahaɗar, n da d da k. Na tsakiya shi ke shan matsa, sai ya faɗi. Da d ya faɗi sai n ya wayi gari maƙwabcin k, shi ma sai ya bar mazauninsa ya koma can baya inda ake yin k. Ki gwada da Hausa yanzu: ki ce hanta, sannan ki ce hankali, ki lura da inda harshenki yake taɓawa. A hanta kan harshe ne yake taɓa bayan haƙora. A hankali kuwa kan harshe yana kwance, gindinsa ne yake ɗagawa. To n ɗin hankali shi ne a handkerchief, ba na hanta ba.

Gaɓa ta biyu rarrauna ce, ɗan "a" gajere da ko baki ba a buɗe masa sosai. Mutanen Ingila ba sa furta r ɗin, Amurkawa suna furtawa. Ta uku "cif" ce a gajarce, wasu suna jan ta, duka biyun ƙamus ya yarda da su. Murya kuma a kan ta farko ake danna ta: HAN-ka-cif.

Saboda haka jan biron yana bisa ƙa'ida, tunda rubutu aka ce a raba. Tsayar da yara a ce sai sun fito da d, nan ne malamar ta kauce. Shi kuwa Baban Ilham, a gaishe shi, Hausarsa ce ta shiga ta raba faɗa. Ya dage sai ya furta d, bakin Bahaushe kuma ba ya jera baƙaƙe uku babu wasali, sai ya cusa "i" a tsakani, gaɓa ta huɗu ta haihu.

Maman Ilham:
Na karanta masa. Ya ce in gaya miki shi ma ya ci Turanci a WAEC tun kafin a haifi wasu. Amma ga shi can a tsakar gida yana ta "hanta, hankali, hanta, hankali", yara suna kallonsa.

Oga Direba:
Ku duba fa ku gani. Ni da ban wuce aji uku ba na fi mai WAEC kusa da Bature. Anti, ko ba haka ba?

Ɗalibin Hausa:
Oga, da wasa ka faɗa amma maganar nan gaskiya ce, kuma ita ta fi ba ni sha'awa a muhawarar nan. Hankici ba shi da d, n ɗinsa na hanɗa ne, wato can bayan baki inda ake yin k, kamar na Baturen, gaɓarsa uku kamar tasa. F na ƙarshe kawai aka sauke, wasu ma suna barinsa su ce hankicif. Waɗanda suka fara shigo da irin waɗannan kalmomi Hausa ba a allo suka gan su ba. Kuku ne da boyi da soja da lebura da yaran mota, kunnensu ya ɗauka daga bakin mai harshen, bakinsu ya gyara daidai da gaɓar Hausa. Gaɓar tamu kuwa ƙirarta uku ce kacal: baƙi da wasali kamar "ci", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar "kai", sai baƙi da wasali da baƙi kamar "han". Duk abin da ya zo da ƙari, ko a yanke ko a cusa wasali.

Ku duba kabad, wasu su ce kwaba. Cupboard ne, kuma babu p a ciki don Baturen ma ba ya furta shi. Ku duba Kirsimeti, t ɗin tsakiyar Christmas bai biyo ta ba don a can ma shiru yake. Tankifa daga timekeeper, m ya koma n ɗin hanɗa saboda k. Abin da Anti ta bayyana shi muke kira naso, wato sauti ya ɗauki kamar maƙwabcinsa. Mu ma kullum muna yi ba mu sani ba. Muna rubuta ɗan birni, amma "ɗam birni" muke faɗa. Babu malamin Hausar da zai tsayar da aji ya ce sai an fito da n a nan.

Wanda ya yi makaranta ne ido ya yaudare shi. Ya ga harafi, ya ce tunda an rubuta sai an biya shi haƙƙinsa.

Oga Direba:
Hambirki fa? Kullum ina ja, ban taɓa tambayar asalinsa ba.

Ɗalibin Hausa:
Handbrake ne, Oga. Hand ɗin nan dai na hankici. A nan ma d ya faɗi, sai dai maƙwabcin b ne, na leɓe, sai n ya koma m. Baturen da ke sauri shi ma kusan "ham" yake cewa a handbag. Hannu ɗaya, a hankici ya koma hanɗa, a hambirki ya koma leɓe.

Tsohon Hedimasta:
Na ji bayaninku, kuma ban ƙi ba. Amma ku da kuke magana daga jami'a da sakandare, kun taɓa tsayawa gaban yara sittin 'yan shekara goma, rabinsu a ƙasa suke zaune, littafin karatu ɗaya mutum huɗu? Yaron da ba a sa ya furta d ba, ba zai rubuta shi ba har abada. Shi ya sa muke sa su rera Wed-nes-day gaɓa uku, alhali mun san biyu ce a baki. Dabara ce ta haddace rubutu. Kada ku mayar da malamar nan jahila, mai yiwuwa ta san abin da take yi sarai.

Anti Mai Turanci:
Baba, dabarar nan ni ma da ita na koyi rubuta Wednesday, har yau in zan rubuta sai na ji muryar malaminmu a kaina. Ban raina ta ba. Roƙona ɗaya ne, a gaya wa yaran cewa dabara ce. A ce musu ga yadda za ku tuna rubutun, ga kuma yadda ake faɗa. In ba a faɗa ba, ni suke iskowa a SS3 da d ɗinsu da p ɗinsu, ga takardar furuci ta WAEC a gabansu, inda za a jera kalmomi huɗu a ce wacce ce take da sautin kaza, ko wace gaɓa ake dannawa. Yaron da ya shekara bakwai yana cewa hand-ka-CIIF da ƙarfi a ƙarshe, ba a wata uku zan kankare masa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ai daga bakinku muka ji.

Baban Sadik:
Ni fa duk wannan wahalar da kai ce nake gani. Sarauniyar Ingilar ma ta rasu tun 2022, wa zai zo ya kama mu don mun furta d? Ba'indiye yana Turancinsa, Ba'amurke yana nasa, ɗan Ghana yana nasa. Mu ma namu ne. In na shiga kanti a Sabon Gari na ce hand-ka-cif za a miƙo mini, in na lanƙwasa harshe na ce HAN-ka-cif sai yaron kanti ya ce Alhaji me ka ce? Turawan nan su suka rubuta harafi suka ƙi karanta shi, laifin nasu ne, ba na malamar Ilham ba.

'Yar Kano a Manchesta:
Baban Sadik, a Sabon Gari kana da gaskiya. Bari in ba ka nawa labarin. Satina na farko a aikin jinya a nan, dare ne, ina neman zanen gado. Na tambayi wata abokiyar aiki, dattijuwa, ina ne "kof-bod" ɗin da ake ajiye su. Ta ce in sake faɗa. Na sake, a hankali, na raba shi biyu da kyau don ta gane, kof, bod. Matar nan ta tafi ta dawo mini da kofin shayi a kan faranti, ta zaci na gaji ne ina neman abin sha. Sai da na ja ta na nuna mata ƙofar da yatsa, ta ce au, kabad! Wallahi kamar kakata ce ta yi magana a Yakasai. Na tsaya ina tunanin shekarun da na yi ina gyara wa tsohuwar nan, ina ce mata ba kabad ba ne, kof-bod ne. Allah ya jiƙanta, ashe ita ce malamar.

Shi kuwa hankici a nan sai tsofaffi, su ma hanky suke cewa. Ku lura ko a wannan gajeren sunan babu d, sun ma daina wahalar rubuta shi.

Baban Sadik:
To ai kin ga ke can kike zaune. Ilham a nan take.

Anti Mai Turanci:
Baban Sadik, akwai inda zan ba ka gaskiya, har fiye da yadda ka nema. Su kansu Turawan ido yana yaudararsu. Forehead, wato goshi, tsofaffin Ingila "forid" suke cewa, yanzu mafi yawa sun koma suna furta shi yadda aka rubuta, for-hed. Often ma da yawa sun maido da t. Furucin da ya bi rubutu yakan yi nasara in masu yin sa suka yi yawa. Sai dai handkerchief da cupboard ba su kai nan ba, kuma mai jarrabawa bai san da zaman Sabon Gari ba. Yarinya ta san duka biyun, ta san inda za ta ajiye kowanne.

Mai Turaren Wuta:
Salam 'yan uwa, akwai turaren wuta da humra masu kyau, ana aikawa ko'ina, a yi mini magana ta gefe.

Admin:
Hajiya, talla ranar Asabar ne. A ci gaba.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Mu nan da Faransanci muka yi lekol, hankici ma mushuwar muke ce masa, amma tun ɗazu ina kallon kerchief ɗin nan ina ganin kamar na san fuskarsa. Baba Hedimasta ya ce kalmomi biyu aka haɗa. Ni ina ganin uku ne. A Faransanci akwai couvre-chef, har yanzu ana faɗa, ma'anarsa abin rufe kai, hula ko makamancinta. Couvre rufe, chef kai. Ko dai shi ne Ingilishi suka tauna ya koma kerchief?

Anti Mai Turanci:
Shi ne, ɗan'uwa, ka harbo daidai. Bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, kalmomi suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Wannan ta shiga wajen shekara ta 1300, tana nufin ƙyallen da mata ke rufe kai da shi, ɗankwali dai. Bakin Ingilishi ya murƙushe "couvre" ya koma "ker". Sai a ƙarni na 16 aka liƙa mata hand a gaba don a bambanta wanda ake riƙewa a hannu da na kai. In ka warware ta tsaf, cewa take yi "abin rufe kai na hannu". Akwai kuma neckerchief, abin rufe kai na wuya. Har pocket handkerchief akwai, abin rufe kai na hannu na aljihu, kuma aikinsa share hanci.

Chief ɗin ƙarshe kuwa shi ne dai cif da muka sani, na cif joji, shugaba, wato kai. Amma da ya zo ƙarshen wannan kalma aka ɗauke masa danni sai ya ƙanƙance. Ga mai tambaya, jam'inta handkerchiefs ne kamar chiefs, kodayake ƙamus ya yarda da handkerchieves ma.

Ɗan Damagaram:
To ga ƙanwarta. Couvre-feu, rufe wuta. A garuruwan Turai na da, ana kaɗa ƙararrawa da dare kowa ya rufe wutar murhunsa don gudun gobara. Shi ne curfew naku, dokar hana fita. "Cur" da "ker" ashe uwarsu ɗaya.

Tsohon Hedimasta:
Wannan kam ban sani ba, na ƙaru. Shekara 35 ina riƙe da alli ban taɓa tsaga kerchief na leƙa cikinsa ba. Sai ya tuna mini da adiko. Iyayenmu mata adiko suke ce wa na ɗaurin kai, kuma ɗan ƙyallen share gumi ma adiko ne. Ashe ba Turawa kaɗai suka sauko da shi daga kai zuwa hannu ba.

Amma tunda kun taru kun yi mini rubdugu, bari in nuna muku inda ƙa'idar tawa take ceton rai. Na taɓa sa wani yaro karatu a gaban mai duba makarantu, ya zo kan shepherd ya ce "shefad". Ba laifinsa ba ne, mu muka koya masa p da h in sun haɗu f ne. Da ya san sheep ne da herd, makiyayin tumaki, da ya san p na gidan farko ne, h na gida na biyu, katanga ce kawai ta haɗa su. Haka pothole, ramin nan na kan titi da Oga ya fi mu sani. Yaro ya ga t da h sai ya sa harshe tsakanin haƙora, alhali pot ne da hole. Haka lighthouse, haka uphill, haka sweetheart. Nowhere kuwa, na ga wanda ya yanka shi now da here, ya mayar da "babu ko'ina" ya koma "yanzu a nan". Wanda bai iya gano mahaɗa ba, kunne ba zai cece shi ba ranar da ya gamu da kalmar da bai taɓa ji ba.

Anti Mai Turanci:
Nan kam na sauke kai, Baba. Gobe da shefad zan buɗe darasi.

Ɗalibin Hausa:
Akwai abu ɗaya da aka taɓa aka wuce, batun danni. Anti, ki gyara mini in na kauce. A Turanci danni ne yake shaida cewa kalmomi biyu sun zama ɗaya. Black BIRD kowane baƙin tsuntsu ne, ko hankaka. BLACKbird kuwa sunan wani tsuntsu ne takamaimai, macensa ma ruwan ƙasa ce, ba baƙa ba. BLACKboard allo ne ko da kore ne. Da zarar an harɗe, ma'anar sassan sai ta fara sakin jiki.

Abin da ya burge ni, mu ma haka muke. Jan-baki yana nan jan-baki ko da baƙi ne ko ruwan hoda. Farar hula yana nan farar hula ko da jar dara ya sa. Ɗan'uwa ba sai kun haɗa uwa ba. Mu ba mu da danni irin nasu, karin sauti muke da shi, kuma shi ma yakan sauya. Ku ce "ya hana salla", sannan ku ce hular nan hana-salla. A na farko "ha" sama take. A sunan hula duka gaɓoɓin "hana" sun kwanta ƙasa. Haka dafa-duka. Kunnen Bahaushe yana jin wannan ba tare da an koya masa ba, kamar yadda na Bature yake jin nasa.

Anti Mai Turanci:
Ba ka kauce ba. Ni kaina misali ce. ENGlish teacher mai koyar da Turanci, ni ke nan. English TEACHer malamar da ta fito daga Ingila, wadda ko a mafarki ban taɓa zuwa ba. Sai dai kada ɗalibai su ɗauka kullum a farko ne. Afternoon a ƙarshe ake danna shi. Muƙamin Baba ma, headmaster, a Ingila kan "mas" ake dannawa. Yawanci dai na farko ne, kuma gaɓar da aka bari babu danni ita ke lalacewa. Shi ya sa board ya koma "bad" a kabad, man ya koma ɗan guntun "man" a postman, fast ya rasa ƙarfinsa a breakfast.

Oga Direba:
Tsaya Anti. Burekfas ɗin ma haɗi ne?

Anti Mai Turanci:
Break da fast, Oga. Karya azumi, wato na barcin dare. Sai dai break ɗin ya gajarce ya koma "brek".

Oga Direba:
Ikon Allah. Karya kumallo ke nan! Wa ya kwaikwayi wani?

Ɗan Damagaram:
Babu wanda ya kwaikwaya, Oga, yunwar safe ce iri ɗaya. Déjeuner na Faransanci ma warware azumi yake nufi.

Baban Sadik:
In dai karya azumi ne to buɗa-baki ya kamata su ce, su ci da magariba. Ni dai har yanzu ina kan bakana, Hajiya kada ki je ki tayar wa malama hankali a kan harafi ɗaya.

Maman Ilham:
Salam. Na ce bari in dawo muku da rahoto. Na je yau, amma ba da faɗa ba, Baba Hedimasta, kai Ilham na yi na tsaya muka gaisa. Yarinya ce ƙarama malamar, ba ta fi ƙanwata ta uku ba, ga ladabi. Na fara kame-kame, ta yi dariya ta ce Mama ai na san ba a furta shi. Ta ciro littattafan ajin daga kabad ta buɗe mini ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rubuta hankachif, wani hankercheif, wata ma hankici ta rubuta da Hausarta ta huta. Ta ce in ba ta sa sun rera d ɗin ba haka za su tafi da shi har sakandare. Na ce to ko za ki gaya musu dabara ce, kamar yadda wata Anti ta ce? Ta ce za ta faɗa, amma makin Ilham ba zai dawo ba, harafi ya ɓata. Na ce na yarda.

Ilham dai ba ta yarda ba. Ta ce tunda ita kaɗai ta ji daidai a ba ta rabi.

An ba su sababbi goma na wannan satin. Akwai cupboard, akwai grandmother, akwai sandwich. Babanta ya leƙa littafin ya ce san-di-wic, uku, kuma kada wanda ya kai shi zaure.

Tsohon Hedimasta:
Sand-wich. Biyu. Ta rubuta d ɗin.

Anti Mai Turanci:
Ta rubuta, Baba. In za ta saya kuma ta bar shi a gida.

Oga Direba:
Ni a tasha burodi da ƙwai muke cewa. Hajiya, in an zo kan sukundireba a kira ni.